Amfani da Tsohon Soso Wajen Tace Gurɓataccen Ruwa

Manoman rani da ke gefen manyan birane sukan yi ban ruwa da ruwan da ya biyo kwata ko ya fito daga masana'antu. A Kano, lambunan da ke bakin kogin Jakara da na Challawa sun daɗe suna shan ruwan da ke ɗauke da dattin gidaje da na kamfanonin jima. Irin wannan ruwa yakan ƙunshi baƙin mai da ƙarafa masu guba kamar dalma da kadmiyam da kuromiyam, waɗanda kan taru a cikin ƙasa, daga nan su shiga alayyafo da latas. Masu bincike sun gano cewa tsohon soso, wanda shi kansa shara ne, zai iya rage wani sashe na wannan datti.

Soso iri biyu ne, kuma wajibi ne malamin gona ya bambanta su. Akwai soson katifa da kujera, mai laushi, wanda ƙofofinsa a buɗe suke, ruwa yana ratsa shi. Akwai kuma farin soso mai tauri da ake kunsa talabijin ko zuba abincin sayarwa, wanda kusan kashi 98 cikin ɗari na jikinsa iska ce, ba ya kuma shan ruwa. Shi ne wanda gwamnatin Jihar Legas ta haramta zuba abinci a cikinsa a watan Janairun 2024 saboda yadda yake toshe magudanan ruwa.

Soson katifa shi ne mai amfani ga manomi kai tsaye. A shekarun 1990, Farfesa Hideki Harada na jami'ar fasaha ta Nagaoka a ƙasar Japan ya ɓullo da dabarar rataya gutsattsarin soso a cikin hasumiya, ana ɗigo musu gurɓataccen ruwa daga sama. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani suna zama cikin ƙofofin soson, suna cinye dattin, iska kuma tana shiga da kanta ba tare da inji ba. An yi aiki da wannan dabara a biranen Karnal da Agra na ƙasar Indiya.

Mai kiwon tarwaɗa zai iya kwaikwayon haka da ganga guda. A wanke soson sosai, a shanya, a yayyanka shi kamar girman kwalin ashana, a zuba cikin gangar da aka huhhuda ba tare da dannawa ba. Ruwan tafki ya fara kwantawa a wani mazubi domin laka ta zauna, sannan ya bi ta cikin soson. Bakteriyar da ke sarrafa amoniyar kashin kifi takan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ta kafu, saboda haka kada a yanke ƙauna a makon farko. Idan soson ya toshe, a matse shi cikin ruwan tafkin. Sabulu ko ruwa mai kulorin yana kashe bakteriyar. A guji soson da ya fara rududdugewa, domin ɓarɓashinsa zai bi ruwa kifi ya haɗiye. Haka nan soson yana tsotse man da ke yawo a saman ruwa idan aka shimfiɗa shi a bakin magudana.

Farin soso kuwa sai an sarrafa shi da asid mai ƙarfi, dangin ruwan batir, kafin ya iya kama dalma da kadmiyam. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, asid ɗin yana cin fata yana makantarwa, kada a gwada shi a gida. Gangar soson katifa ba za ta raba ruwan jima da gubarsa ba, ba ta kuma mai da ruwa na sha.

Soson da ya gama aiki ya ɗebi datti, don haka a tara shi a buhu a kai inda hukumar tsabtace muhalli ta tanada. Kada a ƙona shi, hayaƙinsa guba ne. Kada kuma a yar da shi inda awaki da shanu ke kiwo, domin idan suka haɗiye shi yakan cushe musu tumbi.