Idan Ramin Noti Ya Cinye a Jikin Inji

Duk mai zama a gareji ya taɓa ganin haka: bakanike yana ɗaure noti, sifana tana ƙara nauyi a hannunsa, sai kawai ta saki, notin ya yi ta juyawa ba ya kamawa. Nan zai ce tiredi ya cinye. Tiredi shi ne zaren da ya nannaɗe jikin noti, akwai kuma ɗan'uwansa a cikin rami, su biyun ne ke sarƙewa su riƙe.

Zaren ramin ne ke fara lalacewa, kuma da dalili. A yawancin motocin yanzu, saman inji, wanda makanikai ke kira tof silinda, na alminiyam ne, don ba shi da nauyi kuma yana saurin fitar da zafi. Noti kuwa ƙarfe ne mai tauri. In an ɗaure fiye da kima, ko an shigar da shi a karkace, mai taushin ne zai sallama. Abin ya fi aukuwa a ramin filogi da na notin juye baƙin mai, inda ake yawan kwancewa da ɗaurewa.

In zaren ya ɗan kwanta ne kawai, ana bi da taf, wato ƙarfen yanka zare, daidai girman ramin, ya gyara shi. In ya zube gaba ɗaya, wasu kan faɗaɗa ramin su sa noti mafi girma, sai dai bangon ramin yana sirancewa, kuma ba ko'ina ne ke da wannan fili ba.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce sa sabon zare na waya, wanda aka fi sani da Heli-Coil. A ƙarshen shekarun 1930 aka ƙirƙiro shi a Amurka, domin injinan jiragen sama. Waya ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, a naɗe kamar sifirin. Ga noti mai kaurin milimita 8, ana huda ramin zuwa kamar 8.3, a yanka sabon zare da taf na musamman, a murɗa wayar ta shige har ta ɗan nutse, sannan a karya ɗan harshen da ke gindinta. Bayan wayar ya kama alminiyam, cikinta ya karɓi notin asali. Da yake sabon zaren ya fi na da faɗi, nauyin ɗaurin yana rarrabuwa a wuri mai yalwa, gyaran kan ma fi ramin asali ƙarfi. Akwai kuma irin su Time-Sert, ɗan bututun ƙarfe mai zare ciki da waje, wanda ya fi jure yawan kwancewa.

Abu biyu ke ɓata aikin. Huda a karkace na hana noti zama daidai, mai ko iska su riƙa yoyo. Ɓarɓashin ƙarfe kuma in ya faɗa silinda yakan karce bangonta, don haka ake shafa wa taf giris ya kama shi, ko a sauke tof ɗin baki ɗaya.

Cusa guntun waya haka kawai ko gam a ramin ba ya jure zafi da girgizar inji. Wanda ya fara murɗa noti da yatsu kafin ya ɗauki sifana, ya kuma ƙarasa da sifana mai awon ƙarfin ɗauri, da wuya ya buƙaci wannan gyara.