Mai kwaɗi na Tawa

Duk wanda ya bi ta kasuwar albasa ta Kwadaso a Kumasi da sassafe zai ga manyan motoci sun yi layi, ƙurar Nijar ba ta gama sauka daga jikinsu ba. Da yawa daga cikin albasar daga Galmi take, a jihar Tawa. Na sha tsayawa wurin ina kallon yaran 'yan dako sun yi cincirindo kan waya guda, suna kallon Tom and Jerry suna ƙyaƙyata dariya. Abin da ke sosa mini rai shi ne, a jihar Tawan nan da motocin suka fito, an yi wani dattijo da ya kwashe shekaru yana sa zane ya yi tafiya, kuma da wuya ka sami mai sanin sunansa a zangon nan.

Sunansa Mustafa Alhassan, a takardun Faransanci Moustapha Alassane. An haife shi a N'Dougou a 1942. Tun yana yaro yake yanka kwali, ya haska fitila a bayansa, inuwa ta faɗa kan bango, yara su taru su sha kallo. Da ya girma kanikanci ya koya, har Allah ya haɗa shi da Jean Rouch a Yamai, Bafaranshen nan da ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa Jaguar a kasuwar Kumasi. Rouch ne ya buɗe masa hanyar Kanada, inda ya ga aikin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi.

Aikin ba na mai gajen haƙuri ba ne. Fim yana cin hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Kafin kwaɗo ya ɗaga hannu ya gaisa, sai ka zana shi, ka ɗauka, ka sake zanawa da ɗan bambanci kamar ƙwayar gero, ka sake ɗauka. A Amurka ɗaruruwan masu zane Disney ya tara don irin wannan aiki. Shi kuwa Mustafa hannunsa ne jarinsa, sai basirar kanikanci da yake harhaɗa kayan aiki da ita.

La Mort de Gandji ya ciyo masa kyauta a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. A shekarar ce kuma ya fitar da Bon voyage Sim, wanda ni a wurina ya fi duka. Minti biyar ne kacal, baƙi da fari. Sim shugaban ƙasar kwaɗi ne, an gayyace shi ziyara maƙwabciyar ƙasa, ga jirgi, ga faretin soja, ga jawabai, kowa yana kumbura wuya. Shekara shida ke nan da samun 'yancin kai, shugabanni na ta zirga-zirga, shi kuma ya yi musu hannunka mai sanda da kwaɗo. Wa zai kama mutum don ya zana kwaɗo?

Ya yi finafinai da mutane ma, har da na kaboyi a shekarar 1966 ɗin. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana masu launi. Sai Kokoa, wanda sunansa kawai ya isa Bahaushe ya gane: kokawa ce, kwaɗi da hawainiya a fage, 'yan kallo na ta sowa. Ya shugabanci sashen sinima na Jami'ar Yamai shekara 15.

Daga baya ya tare a Tawa, ya buɗe otal. Wasu ɗakunan baƙi ke kwana a ciki, wasu ya mai da su wurin ɗaukar fim da tace shi, 'yan tsanarsa jere a kan tebur. A 2007 Faransa ta ba shi lambar girmamawa a bikin finafinai na Cannes. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015. Allah ya jiƙansa.

Ran nan na nemo Kokoa a waya na miƙa wa yaran kasuwar albasa. Da hawainiya ta shigo fage, wani ƙarami ya ɗago kai ya ce, "Baba, ai wannan kokawar garinmu ce, wa ya yi ta?"