Kafin ka sauya wa a-kori-kurarka taya, karanta lambobin da ke jikinta

Da wuya ka shiga wata kasuwar ƙauye a Arewa, ko ka bi hanyar Maraɗi zuwa Agadas, ba ka ci karo da Hilux ba. Ita ke ɗaukar buhunan masara da ragunan layya, ita ke kai ma'aikatan lafiya rugagen da babu kwalta. Amma ranar da tayarta ta ƙare, sau da yawa mai motar kan tsaya gaban mai sayarwa ya ce kawai, "Ba ni babba, wadda za ta cika ido." Nan matsalar take farawa, domin girman taya lissafi ne da injiniyoyi suka yi tare da birki da giya da nauyin da motar za ta ɗauka.

Lissafin a rubuce yake a gefen kowace taya. Ɗauki 265/65R17, girman da Hilux da yawa ke zuwa da shi daga kamfani. Lambar farko, 265, faɗin tayar ne a milimita. Ta biyu, 65, tana nufin tsayin gefen roba, daga bakin rim zuwa inda ke taɓa ƙasa, kashi 65 ne cikin ɗari na wancan faɗin, wato kusan milimita 172. Harafin R ya nuna irin saƙar wayoyin da ke cikinta, 17 kuma faɗin da'irar rim ne a inci. Idan ka haɗa gefen sama da na ƙasa da rim ɗin, tsayin tayar gaba ɗaya zai kai kusan milimita 776. Wannan adadi shi ya kamata mai mota ya riƙe. Hilux masu tsada da ke zuwa da rim mai inci 18 suna sanye da 265/60R18, tsayinta milimita 775. An ƙara rim, an rage roba, tsayin bai motsa ba. Kamfanin ya yi haka ne da gangan.

Me zai faru idan tsayin ya motsa? Malejin mota ba ya ganin hanya, juyawar ƙafa yake ƙirgawa. Sa 265/70R17, wadda tsayinta ya kai milimita 803, sai kowane juyi ya ci ƙasa fiye da da, da kusan kashi uku da rabi cikin ɗari. Allura tana nuna 100, kai kuwa kana gudun 103. Wannan mai sauƙi ne, kuma direbobin da ke bin burji sukan yarda da shi domin cikin motar ya ɗan ƙara nisa da ƙasa. Amma idan aka hau zuwa 285/70R17, bambancin ya kai kashi bakwai. Motar za ta yi nauyin tashi, musamman da lodi a kan tudu, za ta ƙara shan mai, birki zai ƙara wahala wajen tsayar da ƙafar da ta fi nauyi, kuma idan aka murɗa sitiyari har ƙarshe tayar kan goga jikin mota. Kuma ribar ba ta kai yadda ake zato ba: tayar da ta fi tsayi da milimita 54 tana ɗaga motar ne da rabin haka kawai, milimita 27.

Abin da ya fi damuna shi ne yayin manyan rim. Matasa da dama a birane suna cire rim mai inci 17 su sa mai inci 20 mai sheƙi, da taya irin 265/50R20. Tsayin ya yi daidai, ba laifi ta wannan gefen. Sai dai gefen robar ya ragu daga milimita 172 zuwa 132, santimita huɗu ke nan suka tafi. Wannan roba da iskar da ke cikinta su ne katifar farko tsakanin mota da rami. Idan suka yi ƙaranci, dukan ramin yakan matse gefen tayar a kan bakin rim, sai ka ga ƙululu ya fito, alamar wayoyin ciki sun tsinke, kuma babu mai facin da zai iya gyara shi. Rim na alminiyam kan tsage, na ƙarfe kuwa lanƙwasa yake yi, a buga shi ya miƙe a ci gaba da tafiya. Direbobin Sahara sun san darajar wannan roba fiye da kowa. Idan suka shiga rairayi sukan sauke iska domin tayar ta shimfiɗe ta daina nutsewa, dabarar da ba ta yiwuwa da taya mai siririn gefe.

Akwai kuma lambar da mutane suka fi tsallakewa, alhali ita ce ta rai da mutuwa. Bayan girman za ka ga wani abu kamar 112S. Lamba 112 tana nufin tayar za ta iya ɗaukar kilo 1,120 idan iskarta ta cika yadda aka tsara, S kuma iyakar gudunta ce, kilomita 180 a awa. Taya mai girma iri ɗaya na iya zuwa da 107, wato kilo 975 kacal. A idonka duk ɗaya suke. Amma nauyin a-kori-kura a kan ƙafafun baya yake taruwa, kuma buhu goma na masara tan guda ne. Haɗa wannan da zafin kwalta a watan Afrilu da ƙarancin iska, sai taya ta yi ta zafi daga ciki har ta fashe ana cikin gudu. Wanda lodi ne sana'arsa ya nemi taya mai alamar LT ko C, waɗanda aka yi musamman domin ɗaukar kaya. Sun fi tauri, motar za ta fi jijjiga idan babu kaya, amma sun fi jure duwatsu da ƙaya.

Shi ma rim yana da nasa awo. Yawancin Hilux da Ford Ranger noti shida ne a da'ira mai faɗin milimita 139.7, amma ramin tsakiyarsu ya bambanta, don haka rim ɗin Ranger ba ya shiga Hilux. Rim ɗin da ke turo taya waje da yawa kuma yana cin boris. Idan motar mai jan ƙafa huɗu ce, dole dukkan tayoyin su zama girma ɗaya, har da ta ko-ta-kwana.

Sai shekaru. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas, kusan duk tayar da ke kasuwar Najeriya daga waje take, kuma ta gwanjo ta cika ko'ina duk da cewa an hana shigo da ita. A ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT akwai lambobi huɗu: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta sha gargaɗin cewa a guji tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Zane mai zurfi ba ya nuna ƙuruciyar taya, domin roba na bushewa ko da a ajiye take.

Shawarata ga mai a-kori-kura ita ce ya buɗe ƙofar direba ya duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin. Girman taya da awon iska, na lokacin lodi da na lokacin da babu, duk suna nan. Ya tsaya a kan wannan girman, ko ya ƙara mataki ɗaya kawai idan hanyarsa ta burji ce, kada kuma ya karɓi tayar da lambar nauyinta ta gaza wadda kamfani ya rubuta, komai arharta.