MURAR TSUNTSAYE: Abin Da Ake Faɗa Da Abin Da Yake Gaskiya

Duk lokacin da sanyi ya shigo Fezzan, kaji suka fara faɗuwa a gonakin Tamanhint da na kewayen Sabha, sai maganar murar tsuntsaye ta taso a tsakaninmu. Wasu su ce sun daina cin kaza da ƙwai sai abin da hali ya yi. Wasu kuma su yi dariya, su ce ai cutar Turawa ce, baƙar fata ba ruwansa da ita. Mu dai a ganinmu duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya, kuma na biyun ya fi shiga haɗari, domin da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da suka zo daga Damagaram, Maraɗi, Kano da Katsina, aikinsu ke nan: sharar ɗakin kaji, kwasar kashinsu, yanka da figa.

Bari mu fara da masu cewa abin bai shafe mu ba. Nau'in cutar da ake kira H5N1 an fara gano shi a jikin dinya a lardin Guwandon na ƙasar Sin a 1996. A 1997 ya kama mutum 18 a Hon Kon, 6 suka rasu, hukuma ta sa aka hallaka kajin birnin fiye da miliyan ɗaya. To, da ya tashi shigowa Afirka, a gidanmu ya fara sauka. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da shi a gonar kaji ta Sambawa da ke Jaji a Jihar Kaduna, inda kaji wajen dubu 40 suka mutu. Kafin wata ya ƙare ya ɓulla a Kano da Filato, ya kuma ƙetare iyaka zuwa Magarya a Jihar Damagaram. A watan Janairu na 2007 wata matashiya ta rasu a Legas sanadiyyarsa. A 2015 ya sake dawowa Kano. A nan Libiya ma an same shi a watan Maris na 2014 a cikin kajin gida a Tobruk, can gabas kusa da Masar.

Ita Masar ɗin ce ya kamata mu fi dubawa, tun da Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tsakanin 2006 da 2017 an tabbatar da mutum 359 da suka kamu a can, 120 suka riga mu gidan gaskiya. A 2015 kaɗai mutum 136 ne. Galibinsu masu kiwon kaji da agwagi ne a tsakar gida ko a kan soro, kuma a shekarun farko mata da yara ne suka fi yawa, domin su ke ba da tsaba, su ke share akurki, su ke figa. Wannan kuwa irin kiwonmu ne sak.

Amma fa kada tsoro ya wuce gona da iri. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 2003 zuwa ƙarshen 2024 waɗanda aka tabbatar sun kamu da H5N1 a faɗin duniya ba su kai dubu ɗaya ba, alhali kajin da suka mutu ko aka hallaka sun kai ɗaruruwan miliyoyi. Wato cutar ba ta cika samun hanyar shiga jikin ɗan Adam ba. Masana sun ce dalili shi ne ƙwayar cutar ba ta iya liƙewa sosai a hanci da maƙogwaron mutum kamar murar da muka saba, sai ta sami isa can cikin huhu. Shi ya sa kamuwa ke da wuya, shi ne kuma ya sa in an kamu abin kan yi tsanani: kusan rabin waɗanda aka lissafa sun mutu. Ba ta kuma yawo daga mutum zuwa mutum a kasuwa ko a cikin mota. An dai ga inda mai jinya ya ɗauka daga majinyaci, kamar a yankin Karo na Indunusiya a 2006, inda mutum 7 'yan dangi ɗaya suka rasu, amma abin bai wuce wannan dangi ba.

To, ina batun cin nama? Kazar da ta dahu sarai, zafi ya ratsa ta har ciki ya kai digiri 70, ba ta ɗauke da wani haɗari. Haka ƙwan da aka dafa har gwaiduwa ta yi tauri. Miyar da ta daɗe tana tafasa a kan wuta ba ta bar wa ƙwayar cuta wurin zama ba. Sanyin firji ne ba ya kashe ta, sai ma ya adana ta. Mai gashi kuma ya lura kada waje ya ƙone ciki yana ja.

Haɗarin yana can baya, kafin nama ya shiga tukunya. Duk mun san al'adar nan: da an ga kaza ta yi laushi, ta sauke fukafukai, sai a ce maza a kawo wuƙa kafin ta yi mushe. Ba ma ganin laifin talaka a kan wannan, don kaza dukiya ce, ita ce kuɗin sabulu da na magani. Sai dai a lokacin annoba wannan yankan shi ne babbar ƙofar da cutar ke bi. Jini ya fallatsa a fuska, ƙurar gashi ta tashi a shaƙa, a sa hannu a ciro kayan ciki, daga nan a murza ido. Yaro kuma yana tsugune a gefe yana jiran a ba shi kai da ƙafafu. Mai cin naman ƙila ya tsira, mai yanka da mai figa su ne a bakin rami. Haka nan mai sayar da ragowar kajinsa da araha don ya ga sun fara mutuwa, ya kai wa maƙwabcinsa masifa har gida. An ga irin wannan a Nijeriya a 2006, lokacin da diyyar Naira 250 da gwamnati ta sa a kan kowace kaza ba ta kai kuɗinta a kasuwa ba.

Ba kowace mutuwar kaji ce murar tsuntsaye ba. Cutar Niyukasil, wadda ke share kaji a ƙauyukanmu duk hunturu, kamanninta ɗaya da ita: mutuwar farat ɗaya, kumburin kai, zawo, raguwar ƙwai. Ita ma ta yi ɓarna a gonakin Libiya a 2013. Ido ba ya iya rarrabe su, sai gwaji, irin wanda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, ko a Cibiyar Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Tarabulus. Agwagwa kuwa takan ɗauki cutar tana yawonta garau, ta zuba wa kaji a ruwan sha. Ana yawan ɗora laifi a kan tsuntsayen da ke ƙetare Sahara daga Turai zuwa Tafkin Chadi da fadamun Haɗeja da Nguru, kuma lalle suna da nasu kason. Amma daga gona zuwa gona, takalmi, kwandon kaji, kiret ɗin ƙwai da tayar mota su ne 'yan aike.

Wani sabon abu ya faru a watan Maris na 2024, da aka sami cutar a jikin shanun tatsa a Jihar Tekzas ta Amurka, har a cikin ɗanyar madara. Ma'aikatan gona da dama sun kamu, yawancinsu jan ido kawai suka yi suka warke, ko da yake wani dattijo mai kiwon kajin gida ya rasu a Luwiziyana a Janairun 2025. Mu masu son madara da ɗuminta, tafasawa ba ta rage mata komai.

Ga ɗan'uwan da ke aikin gonar kaji, in ka ga suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, faɗa wa mai gona ya kira likitan dabbobi. Kada ka ɗauki matattun da hannu tsirara. Ko leda ce sa, ka rufe hanci da baki, a binne su da zurfi inda kare ba zai tono ba. Wanke hannu da sabulu, kayan aiki kuma kada su shiga ɗakin kwana. In zazzaɓi, tari, jan ido ko sarƙewar numfashi suka biyo baya cikin kwana goma, to ba lokacin sayen ƙwaya a kanti ba ne. Mun san wasunmu na gudun asibiti saboda matsalar takardu, amma maganin da ake bayarwa, Tamiflu, ya fi aiki in an fara shi cikin kwana biyu na farko. A nemi wanda ya iya Larabci ya yi rakiya zuwa asibitin Sabha, kuma tun kafin likita ya tambaya a gaya masa cewa majinyacin ya taɓa kaji marasa lafiya. Sunan cutar a bakinsu shi ne "influwanza aɗ-ɗuyur".