Kurciyoyin Bulpiela da Sharar Hatsinmu

A gida, in mutum ya bar gari ya ƙi waiwaye, sai ka ji mata na cewa an yi masa kurciya. Mu fatake mun sha wannan zargi, alhali neman abinci ne ya kai mu Tamale. Yau dai zancen tsuntsuwar kanta zan yi, don a Bulpiela tare muke kwana tare muke tashi.

Mutane kan haɗa su duka su ce kurciya, amma iri-iri ne. Akwai ƙaramar nan mai jan ƙirji da ke tsince-tsince a tsakar gida. Akwai hasbiya, babba kamar tattabarar gida, mai jan da'ira a ido da ɗigon fari a fiffike. Da giginya ta saba, yanzu kuwa ta koma ƙarƙashin rufin kwano da saman benaye. Sai bardo mai dogon wutsiya, wanda namijinsa ke da baƙar fuska. Shi sai rani ya yi nisa nake ganinsa, wajen dam ɗin Bulpiela, sa'ad da ruwa ya ja baya. Ka tsaya ka kalli shan ruwansu: tsoma baki suke yi su zuƙa, ba sa ɗaga kai kamar kaza. Ƙwai 2 suke yi, uwa da uba kuma karɓa-karɓa suke wajen kwanci.

Abin da ke damuna yana kasuwar Aboabo, inda nake sayar da masara da wake. Wasunmu kan barbaɗa maganin ƙwari a buhu don gudun ƙwaro, da yamma a share rumfa a watsar da sharar a fili. Kurciya ta sauko ta cika maƙoshi. Yaro ya harbe ta da danƙo, ya fige, ya gasa, ya raba da ƙannensa. Wa ya ci maganin ke nan?

Na yi wa maƙwabcina wannan magana, ya ce, "Haba Alhaji, tsuntsu ne fa." Na ce masa jikokinsa nake ji. Ni dai sharar buhun da aka sa wa magani rami nake tona mata in binne, ta tsabtataccen hatsi kuwa a faranti nake kai ta gida in zuba a gindin mangwaro.