Maƙeran Zangon Accra da Abin da Kyamara Take Tsallakewa

Gidajen talabijin sun sa unguwannin Zango na Nima da Maamobi a tsakiya. Ta wajen Kanda akwai GBC, gidan gwamnatin Ghana da ya fara nuna hoto a 1965, ga kuma TV3 da ta buɗe a 1997. Ta wajen Kokomlemle kamfanin Multimedia ne, mai Joy FM da Joy News da Adom TV. Ɗan jarida zai iya saɓa kyamararsa daga kowanne cikinsu ya taka da ƙafa zuwa lungunan Zango. Duk da wannan maƙwabtaka, ba kasafai ake ganin maƙeri a allo ba sai watan Maris, lokacin da kafafen watsa labaran ƙasar suke ware wa al'adun gargajiya fili saboda bikin samun 'yancin kai. A lokacin ne ake tuna masaƙa da magina da dukawa da maƙera, a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Duk mai kallo ya san yadda irin shirin yake tafiya. A nuna tartsatsi yana tashi, a nuna dattijo yana ɗaga guduma, a sa kiɗa mai sanyaya jiki, sannan a jefa masa tambayar da aka zo da amsarta daga ofis: “Baba, yaran yanzu sun ƙi koyo, ko?” Kafin minti biyar an yanke hukunci cewa sana'a tana bakin kabari. Ban ce ƙarya suke yi ba, don akwai abin da ya tafi ba zai dawo ba. Sai dai wanda ya zauna a maƙera daga safe zuwa la'asar ya san hirar da ake yi a wurin ta kuɗin ƙarfe ce da kuɗin gawayi da bashin da ba a biya ba, kuma wannan hirar ba ta da tartsatsin da za a ɗauka.

A ƙasar Hausa kakannin maƙera daga tama suke samun ƙarfe, a haƙo ta, a narka a rahoniya. Wannan ya mutu tun zamanin Turawa, da tarkacen jirgin ƙasa da na mota suka wadata. Masanin Hausa Philip Jaggar, wanda ya fitar da littafi a kan maƙeran birnin Kano a 1994, ya bi yadda suka rungumi tsohon ƙarfe suka ci gaba da sana'arsu. Maƙeran Zango ma haka suka tashi suka tarar. Rabon aiki na gida bai ɓace ba: akwai maƙeran baƙi masu wuƙa da gatari da fartanya, akwai maƙeran fari masu zobe da awarwaro. Accra ta ƙara nata reshen, masu narka alminiyam su zuba manyan tukwanen da ake dafa waakye (shinkafa da wake) da tuwo a ciki, da masu ƙera kurfoti, wato murhun gawayi.

Ƙarfen yana zuwa ne a kurar 'yan gwangwan, samarin nan da yawancinsu 'yan arewacin Ghana ne, masu zagaya unguwa suna kiran “kondem”. Shekaru da yawa babbar matattararsu Agbogbloshie ce, har hukuma ta rushe wurin a watan Yulin 2021 suka watsu. Mai neman sifirin mota kuwa Abossey Okai yake nufa ko Kokompe ta Darkuman, inda ake fiɗar matattun motoci. Kowane ƙarfe da aikinsa. Sifirin shi ne sarki, da shi ake wuƙa da kurfi da gatari saboda yana riƙe kaifi. Guntayen rodi na gini su ne tsinken tsire da ƙugiya da ƙafar murhu. Tsohon duro da jikin firiji su zama kurfoti, garen taya kuma ya zama babban murhun da mai koko za ta ɗora tukunyarta shekara da shekaru. Gwani ba ya saye da ido kaɗai. Zai ƙwanƙwasa ya saurari ƙara, ya goga magagari ya ji ko yana ci, domin wani sifirin ya riga ya tsage daga ciki, sai an gama wahala a kansa ya ɓalle.

A wurin sikeli maƙeri ƙaramin mai saye ne. Kamfanonin narka ƙarfe na Tema su ne masu kwasa da manyan motoci, kuma saboda su gwamnati ta hana fitar da tsohon baƙin ƙarfe zuwa waje a 2013. Su suke yanka farashin kilo. Wanda ya zo ya zaɓi ganye uku na sifirin dole ya biya sama da haka, tunda zaɓe ya yi.

Sai wuta. Maƙerin Kano ko Katsina gawayin ƙirya yake nema, mai nauyi, mai jure zuga. A Accra abin da mota ta kawo daga Kintampo ko Afram Plains ko can arewa shi ake samu, kuma da matan gida ake rububinsa, don su ma da shi suke girki. Wasu suna haɗawa da ɓawon ƙwarar manja, wanda maƙeran kudancin Ghana suka daɗe suna aiki da shi. Zuga-zugin fatar akuya ya yi ƙaranci; galibi fanka ce da aka haɗa da garen keke, yaro yana juyawa da hannu, ko ƙaramin injin lantarki. Shekarun ɗauke wuta da 'yan Ghana suka kira dumsor, musamman 2014 da 2015, sun koya wa masu injin kada su yar da ta hannun. Uwar maƙera kuwa sau da yawa guntun layin dogo ne ko wani ƙaton ƙarfen inji da aka kafe a kututture.

Mu bi wuƙar fawa guda ɗaya. Ana sa ganyen sifirin a wuta ya yi ja, a ɗora kurfi a sare daidai tsawon da ake so. A mayar wuta. Maƙeri yana riƙe da awartaki a hagu, ƙaramar guduma a dama, babban yaronsa yana tsaye da masaba. Inda maigida ya taɓa da ƙaramar, nan yaro zai sauke babbar, ba a magana, kunne da ido ne suke aiki. Da haka ake miƙar da ƙarfe, a fitar da tsinin da zai shiga ƙota, a sirantar da baki, a bar baya da kauri. Ja ɗaya ba ya isa. Ƙarfe ya fara duhu an tsaya, don dukan ƙarfe mai sanyi tsaga shi yake yi, kuma kowace komawa wuta gawayi ne yake ƙonewa. Shi ya sa ake gane gwani da ƙarancin zuwansa wuta.

Bayan an daidaita siffa da magagari sai a zo wurin da sana'ar take, wato ba wuƙa ruwa. Za a zuga bakin ya kai wani irin ja da maƙeri ya sani, a tsoma a ruwa ko a tsohon baƙin mai, sannan a ɗan sake ɗumama ta a hankali ana kallon launin da yake bin ƙarfen. In ruwa ya yi yawa, ranar da ta haɗu da ƙashi za ta ɓantare. In bai isa ba, bakin zai lanƙwashe, mahauci ya wuni yana wasa ta. A cikin hasken rana ba a ganin jan ƙarfen sosai, saboda haka a inuwa ake yi, ko a jira yamma. Nan ne maƙeri da mai kyamara suke saɓawa: ɗaya yana son fitila ta haske wurin, ɗayan yana son duhu-duhu. Yawanci mai kyamara ne yake yin nasara, a sake yi masa dukan da zai ba da tartsatsi, a bar ainihin gwanintar ba a ɗauka ba. Daga nan sai ƙota, a huda, a ɗaure da ƙusoshi, a wasa. Mai son kube ya wuce wurin baduku.

Kurfoti aikin sanyi ne, awo da almakashin ƙarfe da huji da lanƙwasa, sai ɗan walda. Shi ne ma ya fi ciyar da gidaje a yau. Tun 2002, da ƙungiyar EnterpriseWorks ta shigo da murhun Gyapa mai cikin yumɓu wanda ke rage cin gawayi, aka samu wata haɗaka: maginan tukwane su gasa cikin, masu ƙarfe su ƙera rigar. Gwamnati tana ta kiran mutane su koma iskar gas, amma da kuɗin gas ya hau sai ka ga an zaro kurfoti daga bayan ɗaki, wanda nasa ya ruɓe kuma ya nufi maƙera.

Masu saye ba baƙi ba ne. Mahauta ne, da masu tsire da ake kira chichinga a nan, da matan da suke sayar da koko da ƙosai da waakye, da magina masu neman kurfin fasa kankare. Ranar Laraba, da kasuwar Nima take cika, 'yan sari sukan ɗauki kaya da dozin. Ciniki kuwa irin na gida ne.

“Baba, a duba mini, kullum fa a nan nake saye.”

“Albarka, Hajiya. Je ki tambayo kuɗin buhun gawayi ki dawo.”

Kakar maƙeri ita ce gabanin babbar Sallah. Makonnin nan kowane gida yana neman wuƙar yanka da ta fiɗa da gatarin sara ƙashi da wayar gashi, wanda ba zai sayi sabuwa ba zai kawo tsohuwa a wasa. Abin da aka tara a lokacin shi yake rufe ramin damina, sa'ad da ruwa yake jiƙa gawayi ya kori masu saye. Sauran shekara gyare-gyare ne suke kawo kuɗin cefane: a sake wa gatari ƙota, a toshe gindin murhu, a ɗaure hannun tukunya.

In an sayar da wuƙa, kuɗin ba na maƙeri ba ne duka. A cire na ƙarfe, a cire na gawayi, a cire na itacen ƙota da ƙusa, a ba yara na abinci, a ajiye na hayar rumfa da na tikitin hukuma. Abin da ya rage shi ne ladan hannu, kuma shi ne kaɗai wurin da ake iya matsewa. A 2022, da darajar sidi ta zube har hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen shekara, komai na maƙera ya tashi, amma ba a iya ɗaga kuɗin wuƙa yadda ya kamata, don ga ta China tana ƙyalli a tire da araha, ga addar kamfani mai tambarin kada da ake yi a Tema. Mahaucin da ya san aiki zai dawo wurin maƙeri, uwargida mai yanka albasa ba lallai ba. Ƙari a kan haka 'yan sari ba sa biya sai sun sayar, jarin mutum ya kwana a hannun wani. Shi ya sa da wuya ka sami maƙerin da ba ya zubin susu, adashin da mai karɓa yake zagayowa kullum.

Jiki ma yana biyan nasa. Kunne yana raguwa, ƙwayar ido tana shan tsatsa da hasken walda, ƙirji yana shan hayaƙi, balle in duron da aka ƙona akwai ragowar fenti ko wani sinadari a jikinsa. Ƙuna kam ba a lissafa ta. Amma abin da ya fi tayar wa maƙerin Accra hankali wuri ne. Nima da Malam Amadu Futa ya kafa a shekarun 1930 a matsayin masaukin baƙi da dabbobi yau ta cushe, kowane taku na ƙasa kuɗi ne. Mai fili zai iya cewa shago zai gina, maƙwabci ya kai ƙarar hayaƙi da ƙara, hukuma ta zo rusau a bakin titi. Maƙera ba tebur ba ce da za a naɗe a gudu.

Maganar cewa yara sun guje wa sana'a tana buƙatar gyara. A da ƙira gado ce, ɗa ya fara da zuga tun yana ƙarami. Yanzu tsarin koyon sana'a na Ghana ya shigo: iyaye su kawo yaro wurin masta, a biya kuɗin shiga, ya yi shekarunsa, a yi masa bikin yaye. Wasu suna wucewa makarantar koyon sana'a ta ATTC da ke nan Kokomlemle, wadda aka buɗe a 1966 da taimakon Kanada. Da yawa cikinsu walda suke komawa, suna ƙera ƙofofi da tagogi da kwantenar shago da murhun gas. Mai shirin talabijin yana lissafa su cikin waɗanda suka gudu. Ni kuwa ina ganin jikokin maƙera ne da suka bi kasuwa inda ta koma, kamar yadda kakanninsu suka bar tama suka kama sifirin. Abin da ake tsoron ɓacewarsa ƙarami ne amma yana da tsada: sanin ruwan ƙarfe. Mai walda zai iya shekara goma bai taɓa ba wuƙa ruwa ba.

Kada a zalunci talabijin, tana da ranarta. Dattijon da aka nuna yakan sami girma a unguwa, 'ya'yansa su daina jin nauyin faɗin sana'ar ubansu a makaranta. Sai dai wunin ɗaukar hoto wuni ne da ba a yi aiki ba, kuma ba kasafai ake faɗin lungun da rumfar take ba, balle mai kallo ya zo saye. Samarin maƙera sun gane haka. Yaron da yake juya fanka yanzu shi ne mai ɗaukar hoto da waya, ya nuna wuƙa tana aske gashin hannu, ya sa a TikTok ko WhatsApp da lamba a ƙasa. Mai tsire a Ashaiman ko Madina ko Kumasi ya gani ya kira, a yi ciniki, a kai kaya tashar mota a Circle a ba direba. Mai irin wannan oda yakan turo rabin kuɗi ta MoMo, wato kuɗin waya, tun kafin a hura wuta, da shi ake zuwa Abossey Okai a sayo sifirin.