Shin yanke tallafi na sa marasa aiki su samu aikin yi?

Tun ranar 1 ga watan Janairun 2025, duk mai karɓar tallafin RSA a Faransa ana rajistar sunansa a hukumar neman aiki ta France Travail, kuma ana bukatar ya yi awa 15 a mako yana neman aiki ko koyon sana'a. Wanda ya saɓa, dokar da ta fito a ƙarshen watan Mayun 2025 ta ba da damar a dakatar masa da kashi 30 zuwa 100 cikin ɗari na kuɗin, na wata ɗaya ko biyu a karon farko. Tallafin na mutum guda ya kai yuro 646 a wata a 2025, kusan jika 424 na sefa. Abin ya shafi har ƴan Nijar mazauna can da suka cika sharaɗin shekara biyar da takardar zama.

Hujjar gwamnati ita ce tsoron rasa kuɗin zai sa mutum ya tashi tsaye. To amma me aka gani a ƙasashen da suka riga Faransa bin wannan hanya?

A Suwizalan, binciken da masana tattalin arziki Arni, Lalive da van Ours suka fitar a 2013 ya nuna waɗanda aka hukunta sun fi saurin fita daga sahun masu karɓar tallafi, sai dai albashin da suke samu daga baya ya ragu. Dalili kuwa a fili yake: mai kuɗin haya a wuya ba ya zaɓen aiki, wanda ya samu shi zai kama, ko na ɗan lokaci ne.

A Birtaniya ma'aikatar ƙwadago da kanta ta yi bincike, wanda bai fito ba sai a watan Afrilun 2023. Ya nuna waɗanda aka yanke wa tallafi sun fi jinkirin samun aikin albashi, kuma abin da suke samu bai kai na sauran ba. Wanda ba shi da kuɗin mota ko na waya, da me zai nemi aiki?

A Jamus kuwa, kotun tsarin mulki ta yanke hukunci ranar 5 ga Nuwamban 2019 cewa ragin da ya wuce kashi 30 cikin ɗari ya saɓa wa tsarin mulki.

Ke nan raguwar masu karɓar tallafi ba ta nufin sun samu aiki mai ɗorewa. Abin da ya kamata a sa wa ido a Faransa shi ne mutum nawa ke riƙe da aikinsu bayan shekara guda, kuma nawa ake biyan su.